Fargaba ba a yi mata shokin

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a yankin Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, musamman bayan harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a watan Agustan 2025, masu zuwa asibiti da ciwo iri ɗaya sun yawaita: gaba na faɗuwa ba dalili, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa jiki ɓari. 'Yan rakiya kuma ba sa wuce ɗayan magana biyu. Wani ya ce, "Likita, don Allah kada a tura shi Kaduna, can wuta ake jona wa mutum a ka, ya dawo kamar gunki." Wani kuma ya ce, "A yi masa shokin ɗin nan da muka gani a waya, ya huta." Na gaji da jin duka biyun.

Jinyar jona wuta a ka da ake nufi sunanta ECT, likitoci biyu ne suka fara ta a birnin Rum a 1938, Ugo Cerletti da Lucio Bini. Yadda ake yin ta daidai a yau, sai an yi wa majinyaci allurar barci da ta sassauta jijiyoyi, sannan a saki wuta 'yar kaɗan ta 'yan daƙiƙoƙi. Akan yi sau 6 zuwa 12, sau biyu ko uku a mako. Takan bar ciwon kai da mantuwa, galibi ta ɗan lokaci, amma ba ta mayar da mai hankali mahaukaci. Mutanen da ake yi wa su ne wanda ciwon damuwa ya kai shi ga daina ci da sha, ko wanda ya sandare ba magana ba motsi, ko mai jegon da hankalinta ya gushe. Ta ceci rayuka da yawa. Sai dai fargaba ita kaɗai ba ta cikin abin da ake yin ta dominsa, kuma duk inda aka ce za a yi ta ba allurar barci, ku ɗauke ɗan'uwanku ku tafi.

Abin da ake gani a waya kuwa yawanci wata na'ura ce ta maganaɗisu, TMS, da aka ƙirƙiro a Sheffield ta Ingila a 1985. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don ciwon damuwa a 2008, don ciwon waswasi a 2018. Ana zama kwana biyar a mako har mako huɗu zuwa shida, ga tsada. A kan fargaba zalla har yanzu bincike ake yi. 'Yar na'urar tausa mai batir da ake tallar cewa tana gyara ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da alaƙa da wannan ko kaɗan, asarar kuɗin taki ce kawai.

Dalilan fargaba sanannu ne: firgicin da aka gani, gado, ciwon maƙoƙo, ƙarancin jini, yawan goro da lemon ƙara kuzari, da tiramol. A fara da gwaji a babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa. In ciwon ya tabbata, akwai magunguna irin su sertraline da fluoxetine, sai an yi mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, saboda haka kada a yar da su a kwana biyar. Akwai kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke koya wa mutum fuskantar abin tsoron sannu a hankali. Addu'a da azkar ba sa hana shan magani. Abin takaici, manyan asibitocinmu na ƙananan hukumomi ba su da wadatattun ma'aikatan wannan fanni, dole talaka ya biya kuɗin mota zuwa asibitocin Katsina, Shika, Dawanau ko Barnawa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne diazepam na kemis. Mutanen da ke tsoron shokin su ne ke saya wa ɗan'uwansu shi ba takardar likita. Daren farko zai yi barci, kowa ya ce an dace. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isa, fargabar ta dawo ta fi da, ranar da bai samu ba jiki ya hau rawa. In ya daɗe yana sha ya daina rana ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. In ya haɗa da tiramol ko kodin, numfashi na iya tsayawa cikin barci. Masu kemis sun san haka, su ji tsoron Allah. Wanda ya riga ya saba kada a ƙwace masa, a kawo shi da ragowar ƙwayoyin a hannu, likita ya riƙa rage masa kaɗan-kaɗan.

In kuwa majinyaci ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko ya ƙi abinci da ruwa, a ɓoye maganin feshi da ke gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.