Darasi Na 14: Zuwa Katsina Kallon Hawan Salla

In Salla ta matso, yara kan dami iyayensu a kai su birni kallon hawa. Ba laifinsu ba ne, abin kallo ne. Ran Salla Sarkin Katsina kan hau, hakimai su zo da dawakinsu a yi jafi a Ƙofar Soro. Namu ma suna ciki, Sarkin Yamma na Faskari da Sarkin Pauwa na Ƙanƙara. Kashegari kuma a yi Hawan Bariki.

Amma daga Sheme zuwa Katsina ba nan kusa ba ne. Ko ka bi ta Ƙanƙara da Dutsin-Ma, ko ka zaga ta Funtuwa da Malumfashi da Kankiya, tafiya ce mai tsawo. Ran jajibere kowa na kan hanya, motoci kuwa ba su ƙaru ba.

Wata shekara mun ga wani magidanci a tasha da 'ya'yansa uku, kowanne riƙe da ƙunshin sabon ɗinkinsa. Tun hantsi suke zaune. Duk motar da ta zo, a cike take. Sai bayan la'asar aka sami wuri, kuɗin mota kuwa ya ninka. Mutumin ya dubi rana, ya tasa 'ya'yansa gaba suka koma gida, ƙaramin yana ta kuka. Mu dai mun ce ya yi daidai. Hanyarmu ba ta tafiyar dare ba ce a wannan zamani, kowa ya san dalili. Kuskurensa ɗaya ne, bai kama kujera da wuri ba.

To, ga yadda ake yi. Tun Salla tana saura kwana bakwai ka tafi tasha. Ka ga ɗan kamasho, ko direban da ka sani. Ka faɗa masa ku nawa ne, ku yi ciniki, ka ba da kafin alƙalami. Kada ka tashi sai an rubuta maka takarda. A sa sunanka, da yawan kujeru, da ranar tashi da ƙarfe nawa, da abin da ka biya da abin da ya saura. Ka karanta da kanka kafin ka sa a aljihu. In an rubuta kujera 3 alhali ku huɗu ne, nan take za ka gyara. Ran tafiya ba mai sauraron gardama.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. Babbar Salla tana da sauƙin shiri, gama tana faɗowa ran 10 ga Zulhajji, tun da aka ga wata an san ranarta. Ƙaramar Salla kuwa sai an jira sanarwar Sarkin Musulmi, azumi ya yi 29 ko ya cika 30. Saboda haka a ƙaramar Salla a rubuta ran 29 ga azumi. Gara ka kwana ɗaya a birni kana jira.

Ka kuma tambayi direba, in an fasa hawa fa? Ana fasawa. A shekarar 2020 ba a yi ba saboda cutar korona. Ku shirya tun yanzu yadda za a mayar maka da kuɗinka, a sa a takardar.

Mutane da yawa sukan manta da motar dawowa. Ka kama ta tare da ta zuwa, ta safe. Ka buga wa mai masaukinka waya, ya san ku nawa ne.

Bayan hawa yara za su ce sai an kai su wurin lilo. A irin wuraren nan, sau da yawa kuɗin shiga daban, kuɗin hawan kowane lilo daban. Ka ware wannan kuɗi tun a gida, ku je da wuri kafin layi ya yi tsawo. Wannan wahala ta layi ba mu kaɗai ta dama ba. A Amurka akwai wani babban filin wasa, Disneyland, wanda aka buɗe a 1955. Da jira ya yi yawa, a 1999 suka fara ba mutum 'yar takarda mai nuna lokacin da zai dawo ya hau. Yanzu ta wayar hannu ake kama lokacin. Su ma sai mutum ya karanta abin da aka rubuta masa.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwan da za a rubuta a takardar kama kujera.
2. Don me Babbar Salla ta fi sauƙin shiri?
3. A ce kujera ɗaya naira 5,000 ce, ku huɗu ne, ka ba da kafin alƙalami naira 8,000. Nawa ya saura?
4. Rubuta takardar kama kujera da sunanka, ka kawo wa malami gobe.