Diyyar Illar Allurar Rigakafi: Yadda Abin Yake

Ka sani cewa babu maganin da yake karɓar jikin kowa da kowa. Allurar rigakafi ma haka take. Galibi abin bai wuce zazzaɓin kwana ɗaya ko kumburin dantse ba, amma jefi-jefi akan sami wanda ta yi wa babbar illa. To, wa zai ɗauki nauyinsa?

Amurkawa sun sha fama da wannan tambaya a shekarun 1980. Iyaye suka dinga maka kamfanonin magunguna a kotu a kan allurar da ta haɗa tarin lala da mashaƙo da ciwon sarƙewar haƙora. Kamfanoni suka ga harkar ba riba, suka fara janye jiki, har aka soma fargabar ƙarancin allurar. Sai majalisarsu ta yi doka a 1986, shirin biyan diyya ya fara aiki a 1988.

Dabarar tasu ita ce tara asusu. A kan kowace allurar da shirin ya ƙunsa ana karɓar harajin santi 75 ga kowace cuta da take karewa. Ke nan allurar da ta haɗa cuta uku, irin ta ƙyanda da hangum da rubela, dala 2 da santi 25. Wanda ya ce allura ta cutar da shi, sai ya kai kuka wata kotu ta musamman a Washinton cikin shekara uku daga ranar da alamar ciwon ta fara bayyana. Ba a neman ya tabbatar da sakacin kamfani ko na ma'aikacin jinya. Akwai jadawalin illoli da aka riga aka amince da su: misali, idan numfashin yaro ya sarƙe, jikinsa ya kumbura cikin awa huɗu da yi masa allura, ana ɗauka allurar ce. Idan kuwa ciwon ba ya cikin jadawalin, dole ya kawo hujjar likitoci. Diyyar rai ba ta wuce dala 250,000.

Ga inda mutane suke tuntuɓe. Da zarar an ji an biya wani, sai a ce ai ga shi nan, gwamnati ta amsa laifi. Ba haka ba ne. Fiye da rabin diyyar da aka biya a Amurka sulhu ne aka yi, ba tare da hukumar lafiya ta yarda allurar ce sanadi ba. Kuma ba kowane kuka ake karɓa ba: a 2009 kotun ta yi watsi da ƙarar iyayen da suka ɗora wa allura alhakin galahanga, don hujjarsu ba ta tsaya ba.

Ingila tana da nata tsarin tun 1979, inda ake biyan fam 120,000 ga wanda nakasarsa ta kai kashi 60 cikin ɗari. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe irin wannan shiri don allurar korona a ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi, har da Nijeriya da Nijar.

Duk waɗannan tsare-tsare da takarda suke aiki, ba da "an ce" ba. Saboda haka, iyaye, ku adana katin rigakafin 'ya'yanku inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba. In kun ga wata alama bayan allura, ku koma asibiti a ranar, ku sa a rubuta.