Lafiyar Hankalin Tsofaffi: Darasi Ga Ɗalibai Da Masu Jinya

Tun daga 1927, sa'ad da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, mutane daga sassa dabam-dabam na Nijeriya suka yi ta zuwa suna kafa gida a cikinta. Yau da yawa daga cikin ma'aikatan reluwe sun tsufa suna zaman fansho, 'ya'yansu kuwa sun tafi Kaduna, ko Jos, ko Abuja neman abinci. Haka abin ya ke a Kagoro, da Zonkwa, da Kwoi, inda a kan tarad da tsohuwa ita kaɗai cikin gida. Gidajen kula da tsofaffi ba su da yawa a wannan yanki, saboda haka nauyin ya kan faɗa a kan dangi, da maƙwabta, da majami'u, da masallatai, da ma'aikatan asibiti. Wannan darasi an shirya shi ne domin ɗaliban ilmin halayyar ɗan Adam, kamar na Jami'ar Jos, da ɗaliban Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan, waɗanda gobe za a danƙa wa amanar waɗannan bayin Allah.

Girman Matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum 14 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 suna fama da wata larurar hankali, kuma fiye da mutum miliyan 55 a duniya suna da ciwon mantuwa, watau abin da Bahaushe ya ke kira gigin tsufa. Tsufa kansa ba cuta ba ne. Akwai tsofaffi masu shekara 90 da hankalinsu garau.

Abubuwa Uku Da Ba A So A Cakuɗa

1. Gigin tsufa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai shigowa sannu a hankali cikin watanni da shekaru. Mai shi ya kan manta abin da ya ci ɗazu, amma ya tuna abin da ya faru yana yaro. Ya kan ɓace a unguwarsu, ko ya zargi jikansa da sata. Hawan jini, da ciwon sukari, da yawan shan giya suna ƙara haɗarinsa.

2. Ciwon damuwa. Tsoho ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya daina zuwa sujada ko masallaci, ya riƙa cewa ba shi da sauran amfani. Sau da yawa ba ya cewa ransa a ɓace ya ke, sai dai ya yi ta kukan ciwon jiki. Wannan ciwo yana da magani, kuma a kan warke.

3. Ruɗewa ta farat ɗaya. Wanda jiya ya ke lafiya, yau sai ga shi yana sambatu, bai gane kowa ba. Yawanci zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da ya sha. Lalle ne a kai shi asibiti a ranar, domin jinkiri na iya jawo asarar rai.

Abin Lura A Kudancin Kaduna

Na farko, harshe. Mai gigin tsufa ya kan saki harshen da ya koya daga baya, ya koma wanda ya sha a nono. Dattijon da ya shekara 50 yana ciniki da Hausa na iya wayan gari ba ya amsa kowa sai da Tyap, ko Jju, ko Hyam. Ɗalibin da bai san haka ba zai ɗauka taurin kai ne. Abin yi shi ne a nemo mai jin harshen.

Na biyu, tashe-tashen hankula. Waɗanda suka ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da suka biyo baya, Kirista da Musulmi, wasu sun rasa 'ya'ya da gidaje. Firgita cikin dare da razana da ƙarar bugun ƙofa alamu ne da ya kamata a bincika.

Na uku, zargin maita. Tsohuwar da ta fita tsakar dare tana surutai, maras lafiya ce mai bukatar taimako. Duka, ko ɗauri, ko kora daga gida zalunci ne, kuma laifi ne.

Yadda Ɗalibi Zai Kusanci Tsoho

Ya yi sallama, ya rusuna, ya kira shi Baba ko ya kira ta Mama. Ya zauna inda tsohon zai ga fuskarsa, ya yi tambaya ɗaya ɗaya, ya jira amsa. Kada ya yi gardama da mai mantuwa, kada kuma ya yi maganarsa da wani a gabansa kamar ba ya nan. Ya duba ko yana ji sosai, ko yana gani, domin kurumta da yanar ido suna sa a zaci mutum ya ruɗe. A bar shi ya yi ɗan aikin da ya saba, kamar ɓarar gyaɗa ko tsintar citta. Mai jinyar ma a tambayi lafiyarsa, gama shi ma yana gajiya.

Tanadin Gwamnati

Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa masu larurar hankali suna samun sauƙi idan an yi musu magani suna tare da danginsu. A 1991 aka shigar da lafiyar hankali cikin aikin kiwon lafiya matakin farko. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, sa'an nan a Janairun 2023 aka sa hannu a Dokar Lafiyar Hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma hana wulaƙanta majinyaci. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti a kan tura shi babban asibitin Kafanchan, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna.

Tambayoyi

1. Ta yaya za a bambanta gigin tsufa da ruɗewa ta farat ɗaya?
2. Don me wani tsoho ya kan daina amsa Hausa?
3. Idan maƙwabta suka taru suna kiran wata tsohuwa mayya, wane mataki ɗalibi zai fara ɗauka, kuma wa zai sanar?