Ladabin Bibiyar Abokan Aiki a LinkedIn

 

'Yar uwa, darasinmu na wannan fitowa ya fi shafar ma'aikata: malamai, ma'aikatan jinya, masu sana'a da ɗalibai masu neman aiki. Da yawanmu muna da shafi a LinkedIn, dandalin da aka buɗe a Amurka a 2003 domin ma'aikata su san juna, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2016. Mun tara abokan hulɗa rututu, amma abin da suke rubutawa sai ya riƙa wuce mu.

Dalili kuwa, abin da kike gani idan kin buɗe ba shi ne duk abin da suka rubuta ba. Na'ura ce take zaɓa miki, tana la'akari da irin abin da kika saba tsayawa a kansa. Sai tsohuwar ƙawarki ta jami'a ta sanar da tallafin karatu, ke kuma ba ki gani ba sai bayan an rufe. Maganin mai sauƙi ne. Ki zaɓi mutum goma ko makamancin haka waɗanda kike ƙaruwa da su, ki shiga shafin kowacce, ki danna alamar ƙararrawa da ke sama. Daga nan za a riƙa sanar da ke idan ta yi rubutu. Wadda kuma surutunta ya yi yawa, kina iya daina bin rubutunta ba tare da kin cire ta daga abokanki ba, kuma ba za a gaya mata ba. Kin ga ba a ɓata zumunci ba.

To amma abin da ya fi damuna shi ne ɗan yatsan nan. Duk rubutun da kika danna wa alamar so, ko kika yi sharhi a ƙarƙashinsa, ana iya nuna shi ga abokanki ɗauke da sunanki. Wato kin zama shaida ke nan, ko kin sani ko ba ki sani ba. 'Yan damfara suna ƙirƙirar tallan aiki da sunan manyan ƙungiyoyi, su ce a biya kuɗin fom ko na tantancewa. Yarinyar da kika koyar ta ga sunan Malama a kai, hankalinta ya kwanta, ta ranto kuɗi ta tura. Wa ya ja ta? Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da wasu cikin rashin sani. Saboda haka kafin ki yaɗa tallan aiki, ki duba shafin intanet na ita ma'aikatar da kanta. In an nemi kuɗi tun kafin a ɗauki mutum, ki janye hannunki, ki kuma gargaɗi wadda ta turo.

Sai kuma zuciya. A can fa kowa nasararsa yake bajewa: an yi mini ƙarin girma, na kammala digiri na biyu. Da wuya ki ga mai rubuta cewa wata uku ba a biya ta albashi ba. Idan kin ji wani abu ya soke ki, ki ce Ma sha Allah, ki rubuta mata addu'ar Allah Ya sanya albarka da kalmominki, ba irin gajeriyar taya murnar nan da na'ura ke shirya wa kowa ba.

Game da maza kuwa, hulɗar aiki ce, a tsaya a kan aiki. Wanda ya biyo ki ta saƙon sirri yana tambayar ko kina da aure, ba dole ki amsa ba, akwai wurin toshe shi. Ki sani kuma, idan kin leƙa shafin mutum ana iya nuna masa cewa ke ce kika leƙo, sai dai in kin shiga saiti kin zaɓi ɓoye sunanki.