Kada ka sauya wa python3 na Ubuntu mazauni

Matsalar takan faro ne daga kyakkyawar niyya. Ɗalibi a Jami'ar Bayero, ko mai koyon rubuta manhaja a wani shago cikin gari, ya ɗora Ubuntu 22.04, ya tarar Python 3.10 ne a ciki, alhali darasin da yake bi na neman 3.12. Sai ya sauko da sabon, ya karkatar da /usr/bin/python3 zuwa gare shi. Daga nan Terminal ya ƙi buɗewa, add-apt-repository kuma ya ce bai ga apt_pkg ba. Dalili shi ne wannan adireshin na tsarin kwamfutar ne, ba na mai ita ba. Manhajoji da dama da Ubuntu ke tafiya a kansu da Python aka rubuta su, layinsu na farko yana kiran /usr/bin/python3, kuma an haɗa kayan aikinsu ne don 3.10 kaɗai. Tamkar a cire allon Ƙofar Mata a kafa a Ƙofar Nasarawa ne: duk wanda aka yi wa kwatance da tsohon sunan sai ya ɓata.

Manyan masu haɗa Linux ma sun sha wannan wahalar. A 2010 Arch Linux ta mayar da kalmar python zuwa Python 3, lokacin da sauran duniya ke nufin Python 2 da ita, rubutattun manhajoji suka yi ta karyewa, har aka fitar da takardar PEP 394 don daidaita al'amarin. Red Hat ta ɗauki darasi: a RHEL 8 na 2019 ta keɓe wa kayan tsarinta nasu Python a /usr/libexec/platform-python, nesa da hannun mai amfani.

Wani zai ce, to a zauna kan tsohon yayi ke nan? A'a. Python 2 ya daina samun kulawa tun 1 ga Janairu 2020, kuma tilas aka bar shi. Amma masu Ubuntu kan yi irin wannan sauyin ne a sabuwar fitowa, bayan sun sake haɗa kowace manhaja sun gwada ta, shi ya sa 24.04 ya zo da 3.12 lafiya lau. Wani kuma zai ce kwamfutarsa ce, ya yi yadda ya so. Gaskiya ne, sai dai a garin da data ke da tsada, wuta kuma ba tabbas, sake ɗora tsari daga farko asara ce da ba dole ba.

Abin yi mai sauƙi ne. Ka ɗora sabon Python a gefe da cikakken sunansa, python3.12, ta hanyar pyenv ko make altinstall, wanda ba ya taka tsohon. Kowane aiki ka buɗe masa nasa ɗaki da python3.12 -m venv, a can za ka zuba abin da pip ya kawo. Kada ka yi amfani da update-alternatives a kan python3, ko da ka ga an ba da wannan shawarar a intanet. In kuwa aikin gama ya gama, danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga da sunanka, ka rubuta sudo ln -sf python3.10 /usr/bin/python3. Malaman da ke horas da yara kuma, don Allah ku koya musu venv tun makon farko.