Idi da taswirar hanyoyin keke

KARATU

Tabla gari ne cikin ƙasar Tagazar, kusa da Baleyara. Babbar hanya mai lamba 25, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Filinge, ta bi ta garin. Ƙasar wurin ƙasar Dallol Boso ce, wani tsohon kwari mai faɗi, mai rairayi da fadamu.

Iyayen Idi Kurfayawa ne. Daga wajen Filinge suka zo, suka zauna Tabla. Kakansa kuwa yana tunga, bakin gonarsa, arewa maso gabas da gari.

Daren Talata aka yi ruwan shuka. Da asuba saƙo ya zo daga tunga: ɓeraye sun ɓata irin kaka. Laima ba ta jira. In aka kwana biyu ƙasa ta bushe, sai jiran wani ruwa. Baba ya auna tiya huɗu ta hatsi, ya ɗaure a bayan keke, ya ce Idi ya kai.

Idi bai taɓa zuwa tunga shi kaɗai ba. Ya nufi wansa Sani, wanda ya zo hutu daga Yamai, ya ce:

— Yaya, wace hanya zan bi?

Sani ya fiddo salularsa, ya buɗe taswira ta intanet. Ya ce:

— Duba nan. Sama arewa ce, ƙasa kudu, dama gabas, hagu yamma. Wannan shuɗin ɗigo, mu ne. Zanen nan mai kauri, kwalta ce. Mai tsinke-tsinke kuma, hanyar amalanke ce ko ta ƙafa.

Sani ya ɗora yatsu biyu bisa gilashi, ya buɗa su. Tabla ta ƙara girma, har lunguna suka fito. Ya matse yatsun. Tabla ta koma ƙarama, Baleyara da Bonkuku da Filinge suka bayyana.

Sunan tungar kaka bai fito ba, amma Sani ya san wurin. Ya taɓa shi, ya zaɓi hoton keke. Nan take wani zane ya miƙe daga Tabla zuwa tunga. Taswira ta rubuta: kilomita 9, minti 45.

Idi ya yi murna, ya hau keke. Ya tsaya bakin hanya wurin mai faci don ya ƙara iska. Bayan sun gaisa, tsoho ya tambaye shi inda ya nufa. Idi ya gaya masa. Tsoho ya girgiza kai, ya ce:

— Yaro, wannan hanya ta fadama ta ratsa. Da rani rairayi ne, yau kuwa ruwa ne da taɓo. Turin keke za ka yi har azahar. Bi kwalta ka yi arewa, ka saki ta dama wurin jar hanya.

— To, Baba. Na gode, Allah shi ƙara girma.

Idi ya koma wurin wansa. Sani ya ja zanen da yatsa, ya maida shi bisa kwalta. Taswira ta rubuta: kilomita 15. Idi ya ce:

— Ashe taswira tana ƙarya, Yaya?

— Ba ƙarya ta yi ba. Ta san tsawon hanya, amma ba ta ga ruwan jiya ba.

Idi ya ɗauki gorar ruwa da famfo da kayan faci, ya kama hanya. Ya bi gefen dama, yana kauce wa motoci. Da hantsi ya isa. Kaka ya sa masa albarka. Kaka yana sara da sungumi, Idi yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Kafin magariba rabin gona ya sha shuka.

MU ƘARA SANI

Taswirar da Sani ya buɗe sunanta OpenStreetMap. Wani mutumin Ingila, Steve Coast, shi ya fara ta a shekarar 2004. Ba mutum ɗaya ke zana ta ba. Masu sa kai ne na ƙasashe da yawa, har da Nijar. Suna duba hotunan da aka ɗauko daga sama, su zana hanyoyi da gidaje da rijiyoyi. Abin da ba wanda ya zana, ba ya fitowa. Shi ya sa tungar kaka ba ta da suna. Wanda ya san wuri yana iya ƙara shi, kowa ya amfana.

A Turai akwai hanyoyin da aka ware wa keke kaɗai, kuma taswira tana nuna su da launi dabam. A ƙasar Kurfai da Tagazar kuwa, keke da amalanke da jaki da mai tafiya ƙasa duk hanya ɗaya suke bi.

Yaya salula ke sanin inda mutum yake? Akwai taurarin ɗan'adam na GPS da ke zagaya duniya, nisan kilomita wajen 20.000 daga ƙasa. In salula ta ji saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta gane wurinta. Ko babu intanet shuɗin ɗigo yana aiki, in an riga an ajiye taswira cikin salula.

MU RIƘE

Taswira tana nuna gefe da nisa. Mutanen gari su ke sanin halin hanya na yau: rairayi, ruwa, ƙaya, da zaman lafiyarta. Kada yaro ya kama hanyar daji sai da iznin iyayensa. Matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYOYI

1. Don me baba ya aiki Idi da gaggawa?
2. A taswira, wane gefe ne arewa? Wane ne gabas?
3. Me taswira ta sani? Me mai faci ya sani?
4. Don me sunan tungar kaka bai fito ba?

LISSAFI

1. Mai turin keke yana cin kilomita 3 a awa ɗaya. Awa nawa zai yi a hanya mai kilomita 9?
2. Bisa hanya mai tauri Idi yana cin kilomita 10 a awa ɗaya. Lokaci nawa zai yi a hanya mai kilomita 15?
3. Wace hanya ta fi tsawo? Wace ta fi sauri?

AIKI

Ku zana taswirar hanya daga gidanku zuwa makaranta. Ku sa arewa a sama. Ku nuna rijiya da kasuwa da wurin da ruwa ke kwanciya da damina. Ku kai wa wani tsoho na unguwarku ya duba, ku rubuta abin da ya gyara muku.