Darasi: Fangali Ɗaya a Bayan Ɗaki

'Yan'uwa, mu mutanen Gwandu da Kalgo ba baƙin noman lambu ba ne. Albasar ƙasarmu da ta Aliero ta yi suna har kudancin Nijeriya. Duk da haka, a tsakiyar damina, sa'ad da tumatir ya yi tsada kuma rumbu ya yi ƙasa, yaranmu da yawa suna cin tuwo da miya marar ganye. A 2020 kuma mun ga yadda ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Jihar Kebbi. Ƙaramin lambu a gida ba zai maye gurbin gona ba, amma zai riƙe tukunyar miya.

Me ya sa za mu ɗaga fangali?

Da rani mukan yi fangali mai zurfi domin ya riƙe ruwa. Da damina kuwa ruwan da ya kwanta yakan ruɓar da saiwa. Idan muka ɗaga ƙasar, ruwa zai tsiyaye, iska ta shiga, saiwa ta sake. Taki da ruwa kuma suna zuwa daidai inda shuka take. Mutanen Habana a ƙasar Kuba sun yi haka bayan 1991, lokacin da takin zamani ya yanke musu.

Yadda za mu yi

1. Mu zaɓi wuri mai tudu, kusa da ruwa, inda rana take samu aƙalla awa 6.
2. Mu auna faɗi mita 1 da santimita 20, tsawo mita 3. Da wannan faɗi hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, ba sai mun taka ba. Ƙasar da aka taka takan daskare.
3. Mu kafce da zurfi, mu gauraya ƙasar da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona shuka.
4. Mu tara ƙasar ta kai tsayin santimita 20 zuwa 30. Mu tokare gefe da tubali ko duwatsu, mu baje saman.
5. Mu yi shinge. Akuya ɗaya ta isa ta gama aikin wata guda kafin a taso daga kasuwa.

Shuka da kulawa

Idan muka dasa albasa a layi 8, da tazarar santimita 10 tsakanin tushe da tushe, fangali ɗaya zai ɗauki tushe 240. Tumatir yana son santimita 50. Alayyafo yakan isa tsinka cikin mako 4 zuwa 5. Idan muna shuka kaɗan kowane mako 2, ba zai yanke ba.

Fangalin da aka ɗaga yana saurin bushewa. Saboda haka da rani mu yi masa baki ta kowane gefe, mu rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa, mu yi ban ruwa da sassafe ko da yamma. Mu riƙa duba ƙarƙashin ciyawar saboda gara.

Kada mu bi tumatir da tattasai, attaruhu ko gauta, gama danginsu ɗaya, cutarsu ma ɗaya. Gara mu sa wake a tsakani, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Tambayoyi don tattaunawa

• A waɗanne watanni ne ganye yake wuya a garinmu? Yaushe ya kamata mu shuka domin mu tare su?
• Ina takin dabbobinmu yake tafiya?
• Akwai gwauruwa ko tsoho a cikinmu wanda matasa za su taimaka su kafce masa fangali a wannan mako?